Bangaskiya da Ayyuka a Koyarwar Ceto ta Kiristoci

Bangaskiya da ayyuka nagari batu ne da malaman Kirista suka daɗe suna jayayya a kansa: shin mutum yana samun ceto ta wurin dogara ga Almasihu kaɗai, ko kuwa aikinsa ma yana da rabo a ciki? Kiristocin da ke ibada da Hausa sukan ce bangaskiya a inda Musulmi zai ce imani, kuma suna kiran karɓar mai zunubi a gaban Allah da sunan baratarwa.

Tushen gardamar yana cikin Sabon Alkawari. A Romawa 3:28 Manzo Bulus ya ce ana baratar da mutum ta wurin bangaskiya, ba ta ayyukan Shari'ar Musa ba, a Afisawa 2:8-9 kuma ceto kyauta ce, don kada wani ya yi fahariya. Yakubu kuwa, a wasiƙarsa da ke cikin Sabon Alkawari, ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Abin sha'awa, da Ibrahim dukansu suka kafa hujja: Bulus ya duba sa'ad da Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah tun kafin kaciya, Yakubu ya duba ranar da ya ɗora Ishaku bisa bagadi.

A ƙarni na biyar Augustine, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya fifita alherin Allah, ya yi karo da Pelagius, wanda ya fifita ikon mutum na zaɓar nagarta, taron Carthage na 418 kuma ya goyi bayan Augustine. Rikicin ya tsananta a 1517, da Martin Luther ya soki sayar da takardun gafara a Jamus. Cikin fassarar Sabon Alkawari da ya yi zuwa Jamusanci a 1522 ya ƙara kalmar "kaɗai" a Romawa 3:28, ya kuma kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa, wato mai ƙarancin daraja. A ganinsa Allah yana lissafa wa mai zunubi adalcin Almasihu ne, ayyuka kuwa 'ya'yan itace ne da ke biyo baya. Majalisar Trent ta Katolika ta amsa a 1547 cewa alherin Allah ne mafari, amma yana sāke mutum daga ciki, kuma aikin da aka yi cikin alherin yana da lada. Idan aka duba da kyau, yawancin saɓanin yana kan ma'anar kalmar baratarwa ne: ayyana mutum mai adalci, ko mayar da shi haka.

Ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, Ruhu Mai Tsarki kuma yana kiransa zuwa ayyuka nagari. Methodist sun shiga a 2006, majami'un Reformed a 2017, shekarar da aka zaɓi Babban Bishop Musa Panti Filibus na cocin Lutheran mai hedikwata a Numan ya shugabanci Tarayyar Lutheran ɗin. Wasu Lutheran, kamar Majalisar Missouri ta Amurka, sun ƙi amincewa da sanarwar.