Waiwaye: Yadda Tanzaniya ta kasance da gwamnati biyu

Baƙon da ya hau jirgin ruwa daga Dar es Salaam, bayan tafiyar kusan awa biyu ya sauka a tashar Zanzibar, zai tarar da jami'an shige da fice suna jiran fasfonsa, alhali ƙafarsa ba ta bar Tanzaniya ba. Asalin wannan lamari yana cikin shekarar 1964.

Ranar 12 ga Janairun shekarar, wata guda kacal da samun 'yancin tsibiran Zanzibar daga Birtaniya, aka hamɓarar da Sarki Jamshid, Abeid Karume ya ɗare kan mulki. Kafin ƙura ta lafa, ranar 26 ga Afrilu, shi da Julius Nyerere na Tanganyika suka haɗe ƙasashen biyu. Abubuwa 11 aka ware wa gwamnatin haɗaka, irin su tsaro da 'yan sanda da harkokin waje. Sauran duk Zanzibar ta riƙe abinta: shugabanta, kotunanta, daga 1980 kuma majalisar dokokinta da ake kira Baraza la Wawakilishi.

Ita kuwa Tanganyika sai ta narke cikin haɗakar, ba gwamnati, ba majalisa, har sunan ma ya ɓace. A nan gizo ke saƙar. Majalisar ƙasa da ke Dodoma, wato Bunge, ita ke yi wa babban yankin, tsohuwar Tanganyika ke nan, dokar makarantu da asibitoci, kuma wakilan Zanzibar na zaune a ciki suna jefa ƙuri'a kan abin da bai shafi mutanen mazaɓarsu ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran ba su kai miliyan 2 ba cikin miliyan 61 da ɗoriya, amma a zaɓen 2020 mazaɓu 50 suke da su cikin 264. Mutumin babban yanki sai ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa. Na tsibiri kuma ya ce ai shi aka ƙwara, tunda abubuwa 11 ɗin nan sannu a hankali sun zama 22. Har suna gare su, waɗannan ƙorafe-ƙorafe, a harshen Swahili: kero za Muungano, wato matsalolin haɗaka.

Maganin da aka sha kawowa ɗaya ne, a yi gwamnati uku: ta Tanganyika, ta Zanzibar, da ta haɗaka. Kuma duk wanda ya ɗauko shi sai ya ƙone hannu. Aboud Jumbe, magajin Karume, ya rasa kujerarsa a 1984 kan wannan batu. A 1993 'yan majalisa 55 suka nemi a dawo da gwamnatin Tanganyika. Nyerere, duk da ya bar mulki, ya fito ya murƙushe yunƙurin, don a ganinsa gwamnati uku hanyar rabuwa ce. Ba laifi a ce tsoronsa na da tushe, amma tsoro bai amsa tambayar ba.

A 2013 kwamitin tsohon Firaminista Joseph Warioba ya sake kawo shawarar a daftarin sabon kundin tsarin mulki. Majalisar tsara kundin, inda jam'iyya mai mulki CCM ke da rinjaye, ta cire ta a 2014, 'yan adawa suka fice daga zauren. Mataimakiyar shugaban majalisar a lokacin ita ce Samia Suluhu Hassan, 'yar Zanzibar, wadda ta zama shugabar ƙasa a Maris 2021. Ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundin da aka sa ranar yi a Afrilun 2015 aka ɗage ta, kundin 1977 ya ci gaba da aiki.