Jaririn da ke gumi a kan nono

Uwa, ki riƙa kallon jaririnki lokacin da yake shan nono. Idan ya tsotsa sau uku ya saki yana haki, gumi ya tsattsafo masa a goshi ko da sanyin safiya, kuma aka auna shi aka ga bai ƙara nauyi ba, kada ki ce nononki ne bai karɓe shi ba. Tsotso a wurin jinjiri aikin ƙarfi ne, a nan zuciya mai matsala take fara nuna gajiya.

Cikin jarirai 100, kusan 1 ana haifarsa da tawaya a zuciya. Akwai wadda ba a cika gani ba, ta jijiyoyin da ke shayar da naman zuciyar kanta. Ɗaya daga cikinsu takan yi ɓarauniyar hanya, ta riƙa zubar da jini cikin ɗakin zuciya, galibi na dama. Kamar hanyar ruwan lambu ce ta ɓalle a tsakiya, ruwa na gudu amma fangalin ƙarshe a bushe. Ƙarama takan toshe da kanta. Babba kuwa tana galabaitar da zuciya.

Da an ce aikin zuciya, iyaye sai su hango an tsaga ƙirji. To, wani gyaran ba a tsagawa. Likita yakan zura siririn bututu, kaurinsa kamar taliya, ta jijiyar matsematsin cinya, wani lokaci ma ta cibiya idan jaririn sabon haihuwa ne. Yana kallon allo yana tura shi har bakin ɓarauniyar hanyar, sai ya ajiye 'yar naɗaɗɗiyar waya ko ɗan abin toshewa, jini ya daskare a kai, hanya ta rufe. Dabarar shiga zuciyar jarirai da bututu ba sabuwa ba ce, tun 1966 likita William Rashkind ya yi ta a Amurka.

Amma fa ba kowace tawaya bututu ke gyarawa ba. Idan jijiyar hagu cikin masu shayar da naman zuciya ta fito daga babbar jijiyar huhu, sai tiyata.

Hoton zuciya da ake kira eko shi ke fara bambance su. Ba allura, ba ciwo, ɗan ruwa mai yauƙi kawai ake shafawa a ƙirji. Maigida, kafin a kira wanzami ya cire beli ko ya yi tsaga, a kai yaron asibiti, a faɗa wa likita yadda yake yi a kan nono, a nemi takardar tura shi asibitin koyarwa. Idan leɓensa ya yi shuɗi kuwa, kada a jira gari ya waye.