Tsadar kuɗi ba ita ce ƙarfin ƙasa ba

A Wapa ta Kano, inda 'yan canji ke tsaye da ɗaurin kuɗi a hannu, ba a rasa mai cewa ƙasar da kuɗinta ya fi tsada ita ce gaba a duniya. Da haka ne, da Kuwait ce sarauniya, tunda dinarinta ɗaya ya haura dala 3. Ita kuwa Japan, sai ka tara yen sama da 100 kafin ka sami dala ɗaya, amma motocinta ne fal a titin Zariya.

Rigimar manyan ƙasashe ma akasin haka take: kowa na zargin ɗan'uwansa da karya darajar kuɗinsa da gangan. Dalili kuwa, in kuɗi ya yi araha, kayan ƙasar ma sun yi araha a waje, sai ciniki ya buɗe. A 1985, a taron otal ɗin Plaza, Amurka da kanta ta zauna da Japan, Jamus ta Yamma, Faransa da Birtaniya aka amince a sauke dala, don kayan waje sun cika mata kasuwa nata kuma sun ƙi fita. A 2019 kuma ta zargi Chaina a hukumance da danne darajar kuɗinta, yuwan.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san wannan ko bai san sunansa ba. Ya ɗaga atamfar Chaina, ya ji arahar farashi, ya tuna masaƙun Bompai da Sharaɗa da suka durƙushe.

To me ya sa faɗuwar naira ke ƙona mu? Mu masu saye ne. Ɗanyen mai ne babban abin da muke fitarwa, shi ma da dala ake cinikinsa.