Me ake nufi da haɗaɗɗiyar kulawa ga mai shaye-shaye da ke ɗauke da HIV?

Haɗaɗɗiyar kulawa ita ce a duba mutum gaba ɗayansa a wuri guda. Wanda ke ɗauke da ƙwayar HIV kuma shaye-shaye ya kama shi, idan ya zo karɓar maganin rage kaifin cutar, a nan take zai ga mai ba da shawara kan daina shan ƙwaya, a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a gwada shi tarin fuka da ciwon hanta. Katinsa ɗaya, fayil ɗinsa ɗaya, ma'aikatan da ke kansa kuma suna magana da juna. Haka nan wanda aka kawo don a raba shi da kodin ko tiramol, a yi masa tayin gwajin HIV cikin sirri tun ranar farko.

Dalilin haɗawar a fili yake. Maganin HIV kullum ake shan sa. Mai sha yadda ya kamata, yawan ƙwayar cutar a jininsa yakan yi ƙasa har gwaji ya kasa ganin ta, kuma a wannan hali ba ya sa wa matarsa ta hanyar auratayya. Shaye-shaye kuwa babu abin da yake fara lalatawa kamar tsarin rayuwar mutum. Yau ya sha magani, gobe ya kwana a waje, ranar asibiti ta wuce bai sani ba. Da irin wannan tsallaken ne ƙwayar cutar ke bijire wa magani, sai a koma ga wani layin maganin da ya fi tsada. Ga kuma masu yi wa kansu allura suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, wanda hanya ce ta yaɗa cutar.

Kano ba baƙuwa ba ce ga wannan magana. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma a jihar Kano abin ya kai kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, wato sama da mutum miliyan ɗaya. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin.

To, inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Mara lafiya ɗaya ne, amma kuɗin kula da shi ta hanyoyi daban-daban suke zuwa. Maganin HIV kyauta ake ba da shi, domin shekara da shekaru shirin PEPFAR na Amurka, wanda aka kafa a 2003, da asusun Global Fund ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, tare da hukumomin yaƙi da cutar, wato NACA a tarayya da KSACA a jiha. Jinyar shaye-shaye kuwa tana ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, irin su asibitin Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko cibiyoyin hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, kuma galibi daga aljihun iyali ake biya. Kowace hanya da rahoton da take jira da abin da ta yarda a kashe wa kuɗinta.

A ɗauki matashin da ke zaune a Fagge. Ya karɓi maganinsa na wata uku kyauta, ma'aikaciyar jinya ta lura da idonsa da rawar hannunsa, ta rubuta masa 'yar takarda ta ce ya je Dawanau. Sai kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, sai sabon kati, sai sabon layi, sai ya sake buɗe wa wani baƙo sirrin da ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba. Da yawa a nan suke ninke takardar su sa a aljihu, shi ke nan. Wasu iyayen, don rashin mafita, gidan mari suke kai ɗansu, can kuwa babu mai tambayar ina kwalbar maganinsa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin yaron ya riga ya yi abu mafi wuya, ya kawo kansa asibiti.

Saboda haka idan aka ce a samar wa haɗaɗɗiyar kulawa kuɗi, ba lallai sabon gini ake nufi ba. Ana nufin albashin mai ba da shawara da zai zauna a ɗakin karɓar magani, horar da ma'aikata su iya yi wa mutum tambaya kan shaye-shaye ba tare da tsangwama ba, kuɗin mota da na waya ga masu bibiyar wanda ya ɓace daga layi, da magungunan da ke sauƙaƙa wa jiki raɗaɗin daina shan ƙwaya. Ana kuma nufin a sassauta ƙa'idar kashe kuɗin, yadda naira za ta bi mara lafiya duk inda buƙatarsa take.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, hankalin masu karɓar magani ya tashi a duk faɗin ƙasar nan, har gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin HIV. A irin wannan yanayi ƙwayar magani ake fara ceta, mai ba da shawara da mai bibiya su ake fara sallama. A ganina Kano tana da inda za ta fara da kanta: akwai asusun tallafa wa harkar lafiya na jiha, KHETFUND, akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA. Jihar da ta kafa dokar gwajin HIV kafin aure a 2024 za ta ƙara gano masu ɗauke da cutar, kuma a cikinsu akwai masu fama da ƙwaya. Ya kamata a ware wa jinyarsu gurbi da sunanta a kasafin jiha, a kuma sa ta cikin abin da inshorar ke biya.