Fifikon wasa a gida a zagayen fitar da gwani na besbol

A gasar besbol ta ƙwararru ta Amurka da Kanada, wato MLB, ƙungiyoyi biyu da suka haɗu a zagayen fitar da gwani ba sa rabuwa da wasa ɗaya. Sukan kara sau uku ko biyar ko bakwai, wadda ta fara cin mafi yawa ita ke wucewa. Tunda adadin mara ne, dole ɗaya ta fi ɗaya yawan wasa a filinta, kuma ita ce ke karɓar wasan farko da na raba gardama. Wannan shi ake kira fifikon gida.

Amfaninsa ya wuce ihun 'yan kallo. A besbol mai masaukin baƙi ne ke bugu na ƙarshe a kowane zango, don haka a zango na tara, wanda galibi shi ne na ƙarshe, ya san adadin makin da yake nema. Filayen ma ba girmansu ɗaya ba: na Fenway a Boston yana da katanga mai tsayin ƙafa 37 a ɓangaren hagu, na Coors a Denver kuwa yana kan tudu, ƙwallo ta fi tafiya nesa a can. Duk da haka ratar ba ta da yawa, masu gida kan ci kusan kashi 54 cikin ɗari ne na wasannin kaka.

Tsarin yanzu

MLB tana da ƙungiyoyi 30 a ɓangarori biyu, American League da National League, kowane ɓangare an raba shi rukuni uku, kowace ƙungiya na buga wasa 162 a kaka. Tun 2022 shida ne ke fitowa daga kowane ɓangare: zakarun rukuni uku, sai uku da suka fi yawan nasara cikin sauran. Zakaru biyu na sama suna hutawa a zagayen farko. Ta uku ta kara da ta shida, ta huɗu da ta biyar, kuma duka wasanni ukun a filin ta sama ake yi. A zagaye na biyu ta sama tana karɓar wasa na 1 da na 2 da na 5. A zagayen fitar da zakaran ɓangare, wasa biyu a gidanta, uku a waje, biyu kuma a gidanta. A waɗannan zagaye zakaran rukuni yana gaba da wadda ba ta ci rukuninta ba, ko da ta fi shi yawan nasara. Idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki, ana duba wadda ta fi cin ɗaya a haɗuwarsu ta kaka.

World Series

A wasan ƙarshe, wato World Series, inda zakarun ɓangarorin biyu ke karawa, aka fi sauya doka. Daga 1925 zuwa 2002 karɓa-karɓa ake yi, bana wannan ɓangare, baɗi wancan. A 2002 wasan taurari na tsakiyar kaka, tsakanin zaɓaɓɓun 'yan wasan ɓangarorin biyu, da aka yi a Milwaukee ya tashi 7-7 bayan zango 11, domin masu jifa sun ƙare wa ɓangarorin biyu. 'Yan kallo suka yi ta ihun rashin jin daɗi, sai shugaban gasar, Bud Selig, ya nemi abin da zai sa a ɗauki wasan da muhimmanci. Daga 2003 ɓangaren da ya ci wasan taurari shi ke samun fifikon gida a World Series.

Dokar ta sha suka, kuma da dalili: wasan nishaɗi guda a watan Yuli, wanda galibin masu buga shi ba za su kai ko'ina ba a Oktoba, shi ke yanke inda za a yi wasa na bakwai. A 2011 St. Louis Cardinals mai nasara 90, wadda ko rukuninta ba ta ci ba, ta samu fifiko a kan Texas Rangers mai 96, ta kuma ci wasa na shida da na bakwai a gida ta ɗauki kofi. A 2016 Chicago Cubs mai nasara 103 sai da ta je Cleveland, mai 94, ta buga wasa na bakwai, amma ta ci. Daga 2017 aka koma ba wa wadda ta fi yawan nasara a kaka, ba tare da duba ko ta ci rukuninta ba. A 2020, saboda korona, an yi World Series gaba ɗaya a Arlington ta jihar Texas.

Sakamakon bai cika bin lissafi ba. A 1987 da 1991 da 2001 mai gida ne ya ci duka wasanni bakwai. A 2019 kuwa, tsakanin Washington Nationals da Houston Astros, baƙo ne ya ci kowane wasa. A 2025 Toronto Blue Jays ta samu fifikon da ratar nasara ɗaya tak, 94 da 93, amma Los Angeles Dodgers ta ci wasa na shida da na bakwai a Toronto.