Hawan Kibo

Hawan Kibo hawa ne mai tsawo da kwana-kwana a kan hanyar Abuja zuwa Jos, a ƙaramar hukumar Riyom ta jihar Filato. A nan ne mota ke barin ƙasa mai zafi ta fara hayewa saman tsaunukan Jos, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,200 daga doron teku. Wanda ya taso daga Abuja zai bi ta Keffi da Akwanga a jihar Nasarawa, ya ɗan ratsa kudancin Kaduna ta Gwantu, kafin ya iso gindin hawan. Daga sama kuma sai Riyom da Bukuru, sannan Jos. Tafiyar baki ɗaya takan ci awa huɗu zuwa biyar.

Abin da ya fi jan matafiya a wannan yanki shi ne magangarar ruwa ta Assop, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Jos. Kogin yana sauka ne daga bakin tsauni, ya ratsa wani kwazazzabo na duwatsu, ya zuba cikin tafki a ƙasa. Ciyawa ce ta rufe tuddan da ke kewaye, amma a cikin kwazazzabon itatuwa sun yi duhu, saboda danshin da ba ya yankewa. Kafin mutum ya ga ruwan, rugugin sa ya riga ya cika masa kunne, kuma feshinsa kan jiƙa riga tun daga nesa. Da damina, musamman Agusta da Satumba, ruwan ya fi ƙarfi da kyan gani, sai dai a lokacin ne duwatsun ke yin gansakuka da santsi, kuma wanka a tafkin ganganci ne. Can gaba, ta wajen Jos, akwai Dutsen Riyom, manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar da hannu aka ɗora su, a ƙasar kabilar Berom.

Hawan kansa ba wurin wasa ba ne, kuma ya yi ƙaurin suna wajen haɗurra. Tirela mai kaya takan yi ta nishi tana jan ciki, hayaƙi na tashi, motoci sun yi layi a bayanta. Nan ne gajen haƙuri ke sa direba ya yi yunƙurin wucewa a kan kwana, alhali ba ya ganin abin da ke tahowa. Gangarowa ma ta fi hawan haɗari. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga sama, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sa ƙaramar giya, su bar inji ya riƙe motar. Ya kamata a duba birki da taya da ruwan lagireto tun kafin a tashi, a kuma cika tanki a Akwanga. Idan tsayawa ta kama, a nemi wuri mai fili nesa da kwana, a sa dutse a bayan taya.

Tafiyar rana ce ta dace, domin tsaro da kuma ganin hanya, kuma yana da kyau a tambayi direbobin tasha halin da hanyar ke ciki a ranar. Da sassafe hazo kan sauko ya rufe saman tsaunin, dole a kunna fitila a rage gudu. Rigar sanyi ma kada a manta da ita, ko da an baro Abuja ana gumi, balle daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu. A gefen hanya wajen Riyom mata kan jera dankalin turawa da karas da kabeji da tumatir a kwanduna, kuma da wuya mai komawa Abuja ya wuce su bai tsaya ya yi tsaraba ba.