Tsoffin Injinan Kiɗa na Lantarki: Me Ya Sa Har Yanzu Ake Rububinsu?

Wai mece ce sintasaiza, kuma me ya raba ta da fiyanon da ke situdiyoyinmu?

Fiyanon da muka saba gani, irin su Yamaha PSR, yawancin sautin da ke cikinsa naɗaɗɗe ne. An ɗauki muryar sarewa ta gaske da ganga ta gaske an adana, kana dannawa ya fito maka da ita. Tsohuwar sintasaiza, wadda ake kira analog, babu abin da aka naɗa a cikinta. Wutar lantarki take karkaɗawa nan take, karkaɗar ta zama sauti.

Sassa uku ne ke wannan aiki. Na farko shi ne osileta, mai haifar da karkaɗar. Idan ta kai sau 440 a daƙiƙa ɗaya, an samu muryar da makaɗan Turai ke saita kayansu a kanta. Na biyu filta, wadda ke rage kaifin sautin ko ta sake shi, ya yi duhu ko ya yi tsini. Na uku shi ke tsara yadda sautin zai shigo ya fita: ya faɗo tim ya mutu, ko ya taso a hankali ya daɗe yana bin iska. Kowane sashe da maɓallin murɗawarsa a fuskar injin, makaɗi na wasa hannunsa na canza muryar.

Wa ya fara ƙera su?

An daɗe ana gwaje-gwaje, amma sunan da ya fi fita shi ne na Robert Moog, Ba'amurke, wanda ya fito da injinsa a 1964. A daidai lokacin Don Buchla na ƙera nasa a Kalifoniya. Manya ne ƙwarai, sai an jona sassansu da wayoyi kafin su yi ko tari, kuma jami'o'i da manyan situdiyo ne kawai ke iya saye. A 1970 Minimoog, ƙaramar sintasaizar kamfanin Moog, ta fito: maɓallai 44, osileta uku, wayoyin duk an jona su daga ciki, mutum ɗaya zai ɗauka ya hau dandamali da ita. A 1978 Dave Smith ya fitar da Prophet-5, mai murya biyar lokaci guda, wadda ke iya riƙe saitin da ka yi mata har gobe.

Ke nan Minimoog murya ɗaya kawai take fitarwa? Ba nakasa ba ce wannan?

Murya ɗaya ce. Ko ka danna maɓalli uku, ɗaya za ta ɗauka. Wanda ya tashi da fiyanon Turawa zai ga gazawa, amma kunnen Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu ba, domin algaita ma haka take, kuma ba a taɓa cewa ta gaza a ƙofar fada ba. Abin da ya rage ga makaɗi shi ne yadda zai lanƙwasa wannan muryar. A gefen hagu akwai wani ƙaramin gare da ake turawa ya ja sautin sama ko ƙasa, ya ratsa tsakanin maɓalli da maɓalli, inda fiyano ba ya iya takawa. A ganina wannan ya fi dacewa da karin waƙarmu fiye da tara muryoyi uku-uku da ake yi don kawai fiyanon yana da su.

To me ya kore su daga kasuwa?

Yamaha DX7, a 1983. Dijital ce, an gina ta a kan dabarar FM (sa wata karkaɗa ta riƙa sauya saurin wata) da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford. Murya 16 take fitarwa, saitinta ba ya zamewa in ɗaki ya yi zafi kamar na analog, ga rahusa. An sayar da fiye da dubu 150. A shekarar ne kuma aka fito da MIDI, yaren da injin wani kamfani ke magana da na wani, wanda har yau shi ke haɗa fiyano da kwamfuta.

Sai dai DX7 ta zo da nata asarar. Maɓallan murɗawa sun tafi, an bar ɗan ƙaramin allo da lissafi mai wuyar sha'ani. Yawancin makaɗa suka haƙura da ƙirƙirar sauti, suka rungumi wanda kamfani ya zuba. Tun daga nan aka fara jin sauti iri ɗaya a waƙoƙi barkatai.

Ina jin ana cewa "808". Shi ma sintasaiza ne?

Injin ganga ne, amma da dabarar analog yake aiki. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da TR-808 a 1980, a kan dala 1,195. Abokin takararsa, Linn LM-1, naɗaɗɗen sautin ganga ta gaske yake bugawa, kuɗinsa kuma ya kusa dala dubu biyar. Masu kuɗi suka zaɓi Linn, aka ce 808 ba ya kama da ganga ko kaɗan. Gaskiya ne, ba ya kama. A 1983 aka daina ƙera shi bayan an yi kimanin dubu 12.

Da ya faɗi a kasuwa sai ya koma shagunan kayan gwanjo, inda matasan baƙar fata na Niyok da Detroit da Miami suka same shi da arha. Su ba ganga ta gaske suke nema ba. Wannan dukan mai zurfi da ake iya ja ya daɗe yana girgiza ƙirji shi ya kama su, a kansa kuma aka gina kaso mai yawa na hip-hop. Ƙanwarsa TB-303, ta 1981, haka ta yi: an yi ta ne don ta maye gurbin mai gitar bes, ta kasa, sai 'yan Chicago suka murɗa filtarta suka fitar da salon kiɗan rawa na acid house. Wannan ne ya sa nake ganin darajar injinan nan. Sun kasa kwaikwayon kowa, muryarsu ta kansu ce ta rayar da su.

Sun iso wajenmu a wancan zamanin?

Sun iso. A Enugu, William Onyeabor ya yi faya-fayansa da sintasaiza a ƙarshen shekarun 1970 da cikin shekarun 1980. A Yamai kuwa akwai Mamman Sani, wanda ya yi kiɗa da ogan na lantarki ƙirar Orla ta Italiya, dangin waɗannan injina. Ya naɗi kaset ɗinsa a 1978, rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin, duniya ta ji shi.

Idan na ci karo da ɗaya a kasuwa, in saya?

Kafin komai duba bayanta. Wadda aka yi wa Japan wuta 100 take sha, ta Amurka 120, tamu kuwa ta haura 220. Ka jona kai tsaye, ta ƙone a gabanka. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, da sitabilaiza in da janareta kake aiki.

Sannan ka danna kowane maɓalli, ka murɗa komai, ka saurari ƙarar tsatsa. Injin da ya haura shekara arba'in kafasitocinsa, wato ƙananan sassan da ke riƙe wuta, sun fara bushewa, batirin da ke riƙe saiti a wasu yakan zubo ya cinye allon ciki. Roland Juno-106 ta 1984 ta yi suna wajen mutuwar muryoyinta: shida ne, don haka ka danna maɓallai shida daban-daban ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da su, in wani bugun ya yi shiru ko ya shaƙe, da gyara a gabanka. Ƙurar hunturu ma abokiyar gabarsu ce, sai da rufi. Ka tabbatar akwai mai gyaran da ya iya karanta zanen wayoyinta kafin ka biya.

In kuɗin ya fi ƙarfinka, kuma na shahararrun ya kai dubban daloli, Korg da Behringer na ƙera sababbi na analog masu sauƙin kuɗi, akwai kuma manhajar VCV Rack ta kyauta da za ka koyi jona osileta da filta a kwamfutarka.